Dokin Ƙarfe Mai Cin Lantarki

Abu ba ya samun sunaye barkatai a bakin Bahaushe sai in ya shiga ransa, kuma keke yana cikin irin waɗannan abubuwa. Kakanninmu sun kira shi basukur, suna kwaikwayon bakin Turawan da suka zo da shi. Wasu sun ce laulawa, masu kirari kuwa suka ce dokin ƙarfe. Sunan da ya zauna daram, wato keke, masana harshe da dama suna ganin daga Yarabanci muka aro shi, harshen mutanen nan da muke zaune tare da su a kurmi. Da kalmar ta sami wurin zama sai ta hayayyafa, aka sami keken ɗinki da keken rubutu, har aka zo kan keke mai ƙafa uku da ya cika titunanmu a yau. Wanda nake son in ba mai karatu labarinsa shi ne keke na asali, mai ƙafa biyu da sirdi da kaca, da yadda na ɗaura wa nawa injin lantarki, da abin da wannan aiki ya nuna mini game da keken da kuma game da mu kanmu.

Kafin mu kai can, ya kamata 'yan baya su san irin darajar da keke ya taɓa yi. A zamanin iyayenmu, malamin makaranta ko malamin asibiti ko malamin gona, in ya tara albashi ya sayi keken kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, to ya shiga sahun manyan gari. Akan naɗe jikin keken da leda mai launi, a maƙala masa madubi biyu da ƙararrawa da fitila mai dainamo, a goge shi kowace safiya kamar yadda barga ke kula da dokin sarki. Yara kuwa babban burinsu su sami kwabo su je wurin mai haya su yi zagaye ɗaya. Ana nan sai arzikin man fetur ya shigo ƙasa, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, babura suka cika gari, motoci suka biyo baya. Keke ya yi ta gangarowa daga hannun malami zuwa hannun masinja, daga nan zuwa mai tallan burodi da mai kai itace kasuwa. Ƙarfen yana nan yadda yake, idon da ake kallonsa da shi ne ya sauya. Mu da muka taso a shekarun 1980 da 1990 mun tarar an riga an yanke hukunci cewa duk wanda ya yi boko ya kai wani matsayi ba ya hawa keke, sai fa in likita ne ya ɗora masa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma bai yarda da wannan hukunci ba har ya bar aiki. Baƙin Raleigh ɗinsa mai birkin sanda shi ya faɗo mini a rabon gado, domin cikin 'yan'uwana babu mai sha'awarsa. Da aiki ya kawo ni kurmi sai na sa aka ɗoro mini shi a motar kaya, na jingine shi a sito, ina shafa masa mai sau ɗaya a shekara don tunawa da mai shi.

Haka yake a jingine har ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Albashin malami kuwa ba ya tsalle irin wannan. Tsakanin gidana da ƙofar jami'a kilomita 9 ne, wato 18 zuwa da dawowa, ban da kai yara makaranta da zuwa Sabo cefane da jumu'a. Na zauna da biro da takarda na yi lissafi, sai na ga tsohuwar motata ta zama mace ta biyu a gidan, tana cin rabon uwargida da na yara, ba ta kuwa haihuwa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na rufe motar da tamfol, sai ranar da za a fita da iyali gaba ɗaya.

Na gwada motar haya, na gwada acaba, wanda mutanen nan suke kira okada, duk kuɗinsu ya bi na fetur ya hau. Daga nan na jawo keken mahaifina, na sa aka yi masa sababbin tayoyi, na hau shi mako guda cur. Keken bai gaza ba. Amma garin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar ƙasar da aka haife ni. Akwai tuddai biyu a hanyata, ga iskar kurmi mai laima wadda ba ta busar da gumi. Nakan isa aji rigata ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, numfashi sama-sama, in tsaya gaban ɗalibai in ce za mu nazarci salon waƙa alhali ni kaina ban gama nemo muryata ba.

Wani ɗalibinmu Bahaushe da ke sashen injiniya, wanda kan leƙo taron ƙungiyar Hausa, shi ya gan ni ina tura keken a tudu na biyu. Ya gaishe ni ya karɓi keken ya tura mini, da muka kai sama ya ce, "Malam, ai akwai injin da ake sa wa irin wannan a tsakiyar taya, ba sai an sayi sabon keke ba." Na ce, "Yaro, in wasa ne ka bari, in gaske ne zo ofis gobe ka karantar da ni." Ya zo, ni malamin adabi na zauna a kujerar ɗalibi, shi ya riƙe alli.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne tsufan dabarar. Tun ranar 31 ga Disamba, 1895, wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya sami takardar mallakar ƙirƙira ta keke mai injin lantarki a cibiyar tayar baya. Wato dabarar ta girmi Nijeriya kanta, wadda aka haɗe a 1914. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne nauyin batir, domin batirin darma irin na mota ya fi ƙarfin keke. Sai da aka samo maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai a shekarun 1980, sannan kamfanin Sony na Japan ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, kana abin ya ƙara sauƙi. A 1993 kamfanin Yamaha ya fara sayar da keke mai injin da ke taimakon mai taka feda. Masana uku da suka share fagen batirin litiyam, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. A ƙasar Sin kuwa kekunan lantarki sun haura miliyan 300, sun fi yawan mutanen ƙasarmu baki ɗaya, kuma daga can mafi yawan kayan da ake sayarwa a kasuwanninmu suke fitowa.

Kayan juya keke zuwa na lantarki, in ka buɗe kwalinsu, ba su da yawa. Akwai taya mai inji a cibiyarta, da ɗan akwatin sarrafa wuta wanda masu sana'ar ke kira kwantirola, da ɗan allo na kan keke mai nuna gudu da ragowar caji, da totur, da wani faifai mai ƙananan maganaɗisu da ake sawa a gindin feda, da wayoyi. Batir da cajarsa galibi dabam ake sayensu. Injin kansa kamar ƙaramar tukunya yake. A cikinsa akwai naɗe-naɗen wayar tagulla da aka kasa kashi uku, da zoben maganaɗisu kewaye da su. In wuta ta shiga kashi na farko sai ya jawo maganaɗisun da ke kusa da shi, kafin ya iso an ɗauke wutar an ba kashi na biyu, sannan na uku, a sake komowa na farko. Da ɗalibin ya gama bayani sai na ce masa, "Ai wannan lugude ne." Mata uku a turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓaryarta a lokacin da ta 'yar'uwarta ta tashi, in ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara sai taɓare su gwabzu. Kwantirola ita ce mai riƙe da amon luguden, kuma akwai wasu ƙananan idanu uku a cikin injin da ke shaida mata inda maganaɗisun ya kai, don ta san wanda za ta ba wuta. Faifan gindin feda kuwa shi ne ɗan rahoto, da zarar ka fara takawa sai ya gaya wa kwantirola ta kawo gudummawa, in ka daina ta janye.

Injin cibiya iri biyu ne. Akwai babba mai nauyi wanda jikinsa gaba ɗaya ke juyawa tare da taya, ba shi da haƙoran giya, ba ya ƙara, yana da juriya, amma in caji ya ƙare yakan ɗan riƙe taya, mai takawa ya ji a cinyarsa. Akwai kuma ƙarami mai haƙora a ciki, wanda injinsa ke juyawa sau 4 ko 5 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ya fi iya hawan tudu gwargwadon girmansa, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, kuma in an kashe shi taya takan yi gudunta sakaka kamar babu shi. Shi na zaɓa, mai ƙarfin wat 250. Mai shagon da na saya a wurinsa ya so in ɗauki mai wat 1,000, yana cewa zan tsere wa okada. Na ce masa ni ba tsere na fito ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yake janye taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa, shi doka ke ɗauka keke, wanda ya wuce nan ya shiga dangin babur. Mutum mai matsakaicin ƙarfi in yana taka keke a natse abin da yake fitarwa bai fi wajen wat 100 ba. Ashe injin wat 250 kamar ƙarti biyu ne suna tura ka ta baya, kuma wannan ya ishi malamin adabi.

Na zaɓi sa shi a tayar gaba, domin kada a taɓa kaca da murfinta da duk abin da ke baya. Aibin injin gaba shi ne yakan yi santsi in an ba shi wuta da yawa a kan yashi ko jiƙaƙƙen tudu, sai mutum ya koyi sassauta hannu.

A nan ne ilimin ɗalibina ya tsaya, na wani ya karɓa. A Sabo akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin bishiya, wanda ya fi shekara 40 yana sana'ar. Muka kai masa keken da kwalin kaya. Ya juya sabuwar tayar a hannu, ya dubi keken, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan rim ba zai yi da birkinka ba." Na ce, "Don me, Baba?" Ya nuna mini cewa birkin sanda daga ƙasa yake jawo roba ta kama cikin rim, shi ya sa rim ɗin tsofaffin kekuna yake da faɗi da ƙundu a tsakiya, alhali sabon an yi shi ne don birkin waya mai matse gefe. Bugu da ƙari, duk da cewa tayoyin biyu inci 28 ake kiransu, ba girmansu ɗaya ba, ta tsohon keke ta fi faɗi da milimita 13. Maganin abin shi ne a kwance injin daga sabon rim a ɗinke shi a irin tsohon. Sai wata ta sake tasowa: injin ramuka 36 gare shi, tayar gaban Raleigh irin ta da kuwa siraran ƙarafan nan da ake kira sifok guda 32 take ɗauka, ta baya 40. Baba ya shiga bayan rumfarsa ya yi ta bincike cikin tarkace har ya fito da rim irin na da mai ramuka 36. Ya sa aka yanko sifok gajeru daidai da faɗin injin, ya zauna ya ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, yana juya taya yana kallon gefenta da ido ɗaya, yana ɗaure wannan yana sassauta wancan, har ta daina rawa. Wuni guda ya yi a kan taya ɗaya, kuma ban taɓa ganin malami yana gyara rubutun ɗalibi da irin wannan haƙuri ba.

Saura fok, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe tayar gaba. Injin yana bukatar milimita 100 tsakaninsu, na tsohon keken bai kai haka ba, bakinsa kuma ya yi wa sandar injin kaɗan. Da yake ƙarfe ne na gaske, Baba ya buɗa shi a hankali, ya ɗan ci bakin da magagari har sandar ta zauna ɗam. A nan ɗalibina ya dage a kan wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa daga sandar injin zuwa jikin fok. Dalili shi ne, duk ƙarfin da injin ya sa ya juya taya gaba, da irinsa yake ƙoƙarin murɗa sandarsa baya. In babu abin da ya tokare ta, wata rana sai ta buɗe bakin fok ta tsinke wayoyi, ko ma taya ta fice ana cikin tafiya, Allah ya kiyaye. Fok na alminiyam ya fi haɗari, domin shi ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya. Baba ya saurara ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya, ai tokari ne," ya ɗaure shi tamau. Hannayen birkin da suka zo cikin kwali, masu yanke wuta in an matsa su, na birkin waya ne, saboda haka muka manna wata 'yar na'ura mai maganaɗisu a hannun birkin sanda, ta yi wannan aikin.

Batir shi ne ya fi komai tsada, shi ne kuma ya fi bukatar tsoron Allah daga mai sayarwa da lura daga mai saye. Nawa mai volt 36 ne da amfiya-awa 10. Volt kamar tsawon hasumiyar tankin ruwa ne, amfiya-awa kuwa girman tankin. In ka ninka su ka sami wat-awa 360, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya na yunit ɗaya na mitar gida. A cikin kwanson akwai ƙwayoyi 40, kowace faɗinta milimita 18, tsawonta 65, an jera su rukuni 10 na huɗu-huɗu, in sun cika sukan kai volt 42. Tare da su akwai ɗan allon tsaro mai hana su cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf. Kasuwa cike take da batura masu araha waɗanda aka harhaɗa da ƙwayoyin da aka ciro daga matattun kwamfutoci, aka yi musu sabuwar riga. Araha ba ta ado, a nan ma takan ci gida, domin wutar batirin litiyam in ta tashi da wuyar kashewa take, hayaƙinta kuma guba ne. Don haka na kafa wa gidana doka: ba a caji sai da cajarsa ta asali, ba a barinsa a kan wuta a kwanta barci, ba a ajiye shi a rana ko a bakin ƙofar da za a bi a fita, kuma in ya faɗi ya lotsa ko ya kumbura to ya gama aiki. Mun rataye shi a tsakiyar keken ƙarƙashin sandar sama, inda nauyinsa ba zai sa keken rangaji ba, cikin jakar da nake iya cirewa in shiga da ita ofis.

Ranar da aka gama na hau daga Sabo zuwa gida. Taku biyu na yi sai na ji wani siririn kuka daga tayar gaba, keken ya miƙa kamar an kama shi da igiya ana ja a hankali. Da na iso tudun da ya saba sauke ni, sai na ga ina hawa a zaune, ƙafafuna suna juyawa kamar a fili, ina jin aikin a jikina amma ba na haki. Kacar tana ƙararta ta da, sirdin fatar da ya ɗauki siffar zaman mahaifina yana nan yadda na san shi, ƙararrawar ma ita ce dai. Abin da ya ragu kawai shi ne azabar tudu.

Yanzu na daɗe ina hawansa, kuma ga abin da lissafi ya nuna. In ina takawa tare da injin, caji ɗaya yakan kai ni kilomita 30 zuwa 35, wato zuwa aiki da dawowa har da ragowar leƙawa Sabo. In na dogara da totur kaɗai na naɗe ƙafa, tafiyar takan ragu ƙwarai. Caja mai amfiya 2 takan cika shi cikin awa 5 ko sama da haka kaɗan. Ko da farashin wuta mafi tsada da aka sanya a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, cika batirin bai kai naira 100 ba. Kuɗin kayan gaba ɗaya na mayar da su daga abin da da zan ƙona a fetur cikin 'yan watanni. Amma kada mai karatu ya ɗauka babu ƙaya a hanyar. Wutar lantarkinmu sai ta ga dama take zuwa, ranar da ta yi yaji sai in koma ga cinyata, da ƙarin nauyin kilo 6 ko 7. Ruwan kurmi ba ya sallama, dole a naɗe mahaɗar wayoyi da kyau, kuma kada a kutsa cikin kududdufin da zai kai cibiyar taya. Birkin sanda a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe ba ya kamawa da wuri, shi ya sa ba na wuce kilomita 20 a awa, in ana ruwa kuwa in rage. Batir yana tsufa, wata rana sai an sake shi. Babbar ƙayar ita ce hanya. Titunanmu ba su ware wa keke wuri ba, mai tanka da mai bas ba su san da zamanka ba. Uwargida ta faɗa mini tun ranar farko, ta ce, "Malam, ni ba kunya nake ji ba, tsoro nake ji." Maganarta gaskiya ce. Saboda ita nake sa hular kwano da riga mai ƙyalli, nake bin lunguna in kauce wa babban titi, kuma ba na kai magariba a waje.

Ita ta ce ba kunya take ji ba, amma akwai masu ji a madadina. Maigadin da ya saba ɗaga mini hannu in na shigo da mota, ranar farko sai da ya tsayar da ni ya dube ni sau biyu. Wani abokin aiki ya ja ni gefe cikin tausayi ya ce, "Dokta, in wata matsala ce ka faɗa mana, ai ba ma rasa yadda za mu yi ba." Na gode masa, domin da zuciya ɗaya ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da labari ya bazu cewa keken inji gare shi, sai kallon ya sauya. Masu tausayi suka koma masu tambaya, ana kewaye keken ana cewa, "Ashe mai inji ne! Nawa ka kashe? Daga waje aka kawo?" Keken nan dai shi ne na jiya, mahayinsa ma shi ne. Da aka ji ba gumina kaɗai ke tafiyar da shi ba, kuma an kashe kuɗi, sai mutuncina ya dawo. A nan na gane cewa abin da muke rainawa ba keke ba ne, gumi ne. Mun taso a gidajen da gumin noma da na fatauci da na dako ya ciyar da mu ya biya mana kuɗin makaranta, muka yi karatu, sannan muka mai da rashin gumi alamar isa. Mu ne kuwa muke tsayawa a aji muna fassara wa ɗalibai cewa girman kai rawanin tsiya ne, mu ba su maki in sun kawo misali mai kyau. Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni nakan fara gaya masa cewa takawa nake yi, injin taimako ne kawai, kuma keken na malamin firamare ne wanda ya taka shi shekara da shekaru ba inji, bai kuwa rasa girmansa a garinmu ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe. Aikin nan bai yiwu ba sai da mutum biyu suka haɗu, dattijon da ya san taya amma yake tsoron waya, da saurayin da ya san waya amma bai iya ɗinke taya ba. Tsakanin rumfar Baba da ɗakin gwaje-gwajen jami'a tafiyar rabin awa ce, amma kafin ranar ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Abin da ya haɗa su kuwa Hausa ce. Da ita yaron ya bayyana murɗawar sanda, da ita Baba ya raɗa wa ɗan ƙarfen nan suna tokari nan take, ba tare da kwamiti ko taron bita ba. Kekunan lantarki suna shigowa ƙasar nan, ko mun so ko mun ƙi. In masu gyaran kekenmu ba su koyi cikinsu ba, to duk wanda ya lalace sai a jefar a sayi wani, kuɗi su tafi waje, sana'ar gindin bishiya ta mutu. In kuwa suka koya, dubban tsofaffin kekunan da ke jingine a zaurukanmu da situnanmu suna iya komawa hanya, su kai malami makaranta, su kai manomi gona, su kai mai madara kasuwa.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa, su ɗauki littafi da biro su tafi rumfunan masu gyaran keke da babur da rediyo da wayar hannu, su tattara kalmomin da waɗannan bayin Allah suke amfani da su da waɗanda suke ƙirƙira kullum, tun dattawan cikinsu suna da rai. Su ja abokansu na sashen injiniya su tafi tare, kowa ya karantar da wani abin da ya sani. Wanda kuma yake da tsohon keke a gida, ya fito da shi ya duba lafiyar ƙarfensa da birkinsa, ya nemi masani kafin ya sayi komai, ya fi ba batir muhimmanci a kan gudu. Baba ya ce in gaya wa duk mai son gani ya zo, yanzu ya iya haɗa wayoyin da kansa, kuma nawa ne na farko amma ba shi ne na ƙarshe da ya ɗinka ba. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a cikin guminmu, amin.